Jingar bidiyo a darasin gudanarwa: yaushe take da amfani, kuma yaya ake ba ta maki?

Tambaya: Wata malama da ke koyar da ilimin gudanarwa a jami'a ta ce ɗalibanta sun yi sanyi. Suna zuwa aji, suna miƙa rubutacciyar jinga a kan lokaci, amma ba ta ganin alamar karatun ya shige su, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yaɗu ba ta da tabbacin wanda ya rubuta abin da take dubawa. Tana so ta san ko ba su jinga ta bidiyo zai farfaɗo da su, da yadda za ta tsara ta, da yadda za ta ba da maki ba tare da ta tauye kowa ba.

Amsa: Malama, jingar bidiyo tana iya motsa ɗaliban gudanarwa fiye da rubutacciya, amma da sharaɗi guda, kuma a kan sharaɗin nan duk maganata za ta ginu: sai idan abin da kike so su koya abu ne da ake gani ko ake ji a wurin manaja, wanda takarda ba ta iya ɗauka. Idan kika ɗauko tambayar da a da ake amsawa a shafi biyar kika ce a amsa ta a gaban kyamara, abin da za ki samu shi ne ɗalibi yana karanto shafi biyar ɗin yana kallon waya. Kin ƙara masa wahala, kin ƙara wa kanki, ilimin kuma yana nan inda yake.

Abin da ya sa nake ganin fannin gudanarwa ya fi fannoni da yawa dacewa da wannan hanya yana cikin yanayin aikin kansa. Henry Mintzberg, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar McGill ta Kanada, ya bi shugabannin ma'aikatu biyar, kowanne mako guda, yana lura da yadda suke tafiyar da yininsu, ya wallafa sakamakon a 1973. Ya tarar kashi 78 cikin ɗari na lokacinsu a magana yake ƙarewa, ko a taro, ko a waya, ko a zagayen duba aiki, kuma rabin ayyukan da suke yi ba sa kai minti tara kafin su koma kan wani. Mutum biyar ba su da yawa, zamani ma ya canja, an samu imel da saƙonnin waya, amma duk wanda ya taɓa riƙe ofis ya san lamarin bai sauya sosai ba. Da baki manaja yake lallashi, da baki yake raba rigima, da baki yake isar da labari mara daɗi, sau da yawa kuma ba tare da ya samu damar zama ya shirya ba. Mu kuwa a makarantun koyon kasuwanci kusan duk awonmu da rubutu ne, ga ɗalibin da muka ba mako biyu ya yi tunani shi kaɗai.

Hanyar da fanninmu ya fi shahara da ita, wato ba ɗalibai labarin matsalar wani kamfani su yi nazari su ce ga abin da za a yi, Makarantar Kasuwanci ta Harvard ce ta aro ta daga makarantar koyon lauya ta jami'ar, ta fara rubuta nata labaran a farkon shekarun 1920 a zamanin shugabancin Wallace Donham. Hanya ce mai kyau, kuma ba na ba da shawarar a yar da ita. Sai dai tana da wata kafa da ɗalibi yake bi ya wuce. A ce labarin na wata ma'aikaciya ce da ta shekara takwas tana aiki ba a taɓa kuka da ita ba, amma wata uku ke nan tana makara, abokan aikinta kuma sun fara gunaguni. Ɗalibi zai rubuta cewa ya kamata manaja ya kira ta su tattauna cikin girmamawa, ya gano musabbabin matsalar, su yi matsaya a kan mafita. Jimla ce da ba ta da aibi, kuma za ki ba ta cikakken maki. Amma duk wahalar aikin manaja tana ɓoye a cikin jimlar nan. Da wace kalma zai buɗe zancen? Idan ta yi shiru, zai jira ko zai cike shirun da surutu? Idan ta fashe da kuka, ko ta ce ai wane ma yana makara ba a ce masa komai ba, ina zai dosa? Ranar da kika ce wa ɗalibin ya zauna da abokin karatunsa su yi wannan zance na minti biyar a naɗa, ranar zai gane tazarar da ke tsakanin sanin abin da ya dace da iya yin sa. Gani ya kori ji, kuma a nan kansa yake gani.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, wayar hannu ce kawai ta sauƙaƙa ta. Tun 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ɓullo da tsarin horar da malamai inda mai koyo yake gabatar da gajeren darasi ga 'yan ɗalibai kaɗan, a naɗa, ya kalla tare da mai horar da shi, sannan ya sake gabatarwa. A fanninmu kuwa, Gary Latham da Lise Saari sun wallafa wani bincike a 1979 a kan shugabannin ma'aikata na matakin farko su 40. An raba su gida biyu, aka horar da rabi ta hanyar nuna musu gajeren fim na shugaba yana tafiyar da wani lamari mai wuya, kamar karɓar koken ma'aikaci ko gyara masa mummunar ɗabi'ar aiki, sannan su kwaikwaya a gaban juna a yi musu gyara. Bayan shekara guda, waɗanda aka horar sun fi sauran samun kyakkyawar shaida daga na sama da su. Ki lura da jerin: kallo, kwaikwayo, gyara, maimaitawa. Fim ɗin kashi ɗaya ne cikin huɗu.

Kafin in shiga yadda ake tsarawa, akwai abin da nake so ki riƙe game da himmar da kike nema, domin a nan malamai da yawa suke ruɗuwa. Jin daɗin darasi daban, koyo daban. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard sun gwada ɗaliban kimiyyar fiziks, wasu da lacca mai tsari daga ƙwararren malami, wasu da darasin da su ne suke fafutukar warware matsala. Na biyun sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce suna jin ba su koyi abu sosai ba kamar a laccar. Saboda haka idan ɗalibanki suka cika da murna da jingar bidiyo, wannan bai isa hujja ba, idan kuma suka yi ƙorafin ta yi musu nauyi, shi ma bai isa ki janye ba. Abin dubawa shi ne ko hankalinsu ya yi aiki a kan matsalar gudanarwa, ko kuwa ya ƙare a zaɓen kiɗa da launin rubutu.

Jingar bidiyo nau'i-nau'i ce. Mafi sauƙin nau'i shi ne wanda ɗalibi yake kallo ya yi sharhi. Ki zaɓi gajeren yanki, na taron hukumar gudanarwa ne, ko hira da shugaban kamfani bayan wani rikici, ko wasan da ke da kanki kika shirya, ki tsayar da shi daidai inda manaja zai yanke shawara, ki ce su faɗi abin da za su yi da dalilinsu kafin su ga ƙarshe. Tsayarwar nan ita ce jingar, domin kallo zalla ba ya tilasta wa kowa tunani. Ki kuma gajarta. Philip Guo da abokan aikinsa sun yi nazarin kallo miliyan 6.9 na bidiyon darussa huɗu a edX, wani dandalin karatu ta intanet, suka wallafa a 2014 cewa matsakaicin lokacin da ɗalibi yake tsayawa a kan bidiyo ba ya wuce minti shida, komai tsawonsa.

Nau'in da na fi ba muhimmanci shi ne naɗar zance mai wuya, irin misalin da na kawo. Abubuwan da suka dace da shi suna da yawa: duba ƙwazon ma'aikaci na ƙarshen shekara, sanar da rage ma'aikata, sasanta sassa biyu da ke rikici a kan kasafi, ciniki da mai kawo kaya, amsa wa abokin hulɗa da aka saɓa wa alkawari. Asirin tsara shi shi ne kowane ɓangare ya samu takardarsa ta daban wadda ɗayan bai gani ba. Mai wasan manaja ya san abin da kamfani yake so da iyakar ikonsa. Mai wasan ma'aikaciya ya san abin da manaja bai sani ba, misali mahaifiyarta ce ba lafiya, ko kuma an yi mata alkawarin ƙarin girma aka ba wani, kuma an umarce shi kada ya faɗa sai idan an tambaye shi ta hanyar da za ta sa mutum ya saki jiki. Da haka zancen ba ya haddatuwa, kuma manajan da ya shigo da hukuncinsa a shirye ba tare da ya saurara ba zai fita bai gano komai ba, kuma bidiyon zai nuna daidai inda ya rufe ƙofar. Ki ce a naɗa a ɗauka ɗaya, ba yankewa, ba tacewa, waya a jingine inda za a ga fuskokin duka biyun. Ƙa'idar ɗauka ɗaya tana kashe gasar ƙawata bidiyo tun daga tushe, kuma ta fi kama da ofis, inda ba a cewa a dawo baya.

Akwai kuma bidiyon bayani, inda ɗalibi yake koyar da wata ƙa'ida cikin minti uku ga wanda bai taɓa jin ta ba. Logan Fiorella da Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun nuna a 2013 cewa ɗaliban da suka naɗi kansu suna koyar da darasin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi shirin koyarwa kawai ba su koyar ba. Darasin kimiyya suka yi amfani da shi, amma dalilin ya shafi kowane fanni, domin wanda zai yi bayani dole ya tsara abin a kansa, kuma nan take yake jin inda fahimtarsa ta yanke. Domin kada ya zama haddar littafi, ki ƙayyade masa mai sauraro da buƙata. Maimakon ki ce ya bayyana yadda ake lissafin adadin cinikin da kamfani yake fara cin riba daga gare shi, ki ce ya bayyana wa shugaban sashen talla, wanda ba ya son lissafi, dalilin da ya sa rage farashi da kashi goma cikin ɗari zai buƙaci ƙarin ciniki fiye da kashi goma kafin riba ta dawo yadda take. Tallata dabarar kasuwanci ga masu zuba jari cikin minti biyu ma yana cikin wannan sahu, ko da yake an cika yin sa, kuma ya fi saka wa mai zaƙin baki.

Nau'i na ƙarshe shi ne a fita a ɗauko yadda aiki yake gudana a wata ma'aikata ta gaske: layin jira, rumbun ajiya, yadda oda take tafiya daga karɓa zuwa miƙawa, sannan a nuna inda aiki yake cushewa a auna lokacinsa. Ga darasin sarrafa ayyuka babu kamarsa, amma shi ya fi cin lokaci, kuma ba a yin sa sai da rubutaccen izinin masu wurin da na duk wanda fuskarsa za ta fito.

Yanzu ga ɓangaren da, a ganina, ya fi naɗar kanta daraja, wato komawar ɗalibi ya kalli abin da ya yi. Idan jingarki ta ƙare da ɗora bidiyo, rabin amfaninta ya zube. Amma wannan mataki yana da haɗarinsa. Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan tasirin yi wa mutum tsokaci game da aikinsa, suka wallafa a 1996 cewa a fiye da kashi ɗaya bisa uku na lokutan tsokacin rage ƙwazo ya yi, kuma hakan ya fi faruwa idan ya karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa. Babu abin da yake jawo hankalin mutum zuwa kansa kamar ganin fuskarsa da jin muryarsa a bidiyo. Ɗalibin da kika ce ya kalla ya faɗi ra'ayinsa zai dawo miki da cewa muryarsa ba ta da daɗi, ko hannunsa yana yawan motsi, ba zai ga cewa ya katse abokiyar maganarsa sau huɗu ba. Maganin shi ne ki ba shi abin da zai ƙirga da abin da zai nema. Ya rubuta minti da daƙiƙar da ya fara bayyana matsalar. Ya ƙirga tambayoyin da ya yi, ya ware waɗanda amsarsu eh ko a'a ce daga waɗanda suke buɗe zance. Ya auna wa ya fi yin magana, shi ko ita. Ya nuno wuri guda da zancen ya juya, ya faɗi abin da ya furta, da abin da zai furta da zai sake, ya danganta shi da ƙa'idar da kuka karanta. Ruben Fukkink da abokan aikinsa a ƙasar Holan, da suka tattara bincike-binciken horar da ma'aikata ta hanyar nuna musu bidiyon kansu a 2011, sun tarar hanyar ta fi tasiri idan akwai tsararriyar takardar lura irin wannan. Shafi ɗaya ya isa. Idan lokaci ya ba ki dama, ki sa su sake naɗa bayan gyara, da abokin wasa daban da sirri daban, domin a naɗa ta biyu ake ganin ko an koya.

Batun maki shi ne inda adalci yake tsayawa ko ya faɗi, kuma haɗarin farko daga wurinki yake, ba daga wurin ɗalibai ba. Shana Carpenter da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Iowa sun nuna wa ɗalibai gajeren bidiyo a 2013, malama ɗaya, bayani ɗaya, amma a salo biyu: a ɗaya tana tsaye cak tana kallon kyamara tana magana ba gargada, a ɗayan tana sunkuye tana karantawa tana inda-inda. Waɗanda suka kalli na farko sun ɗauka sun fi koyo nesa ba kusa ba, amma da aka gwada su sakamakon kusan ɗaya ne. Mai ba da maki ma mutum ne, kuma santsin harshe da kyan hoto suna sa raunin hujja ya ɓace masa. Shi ya sa nake ba da shawarar ki rubuta ma'auninki kafin ki ga bidiyo ko ɗaya, ki raba wa ɗalibai tare da jingar. Rabon da nake ganin ya dace shi ne kusan rabin maki ya tafi ga ingancin shawara da hujjarta, wato ko ya gano ainihin matsalar, ko ya yi aiki da ƙa'idar da ta dace, ko matsayar da ya cimma mai yiwuwa ce a cikin iyakar ikonsa. Kashi ɗaya bisa huɗu ga halayen mu'amala da ake iya nunawa da yatsa, kamar saurare, tambaya, da fayyace abin da aka amince a kai. Ragowar ga takardar nazarin kai, wato shafin da ɗalibi ya rubuta bayan ya kalli bidiyonsa. Ingancin hoto da sauti kuwa kada ki ba shi maki, ki mai da shi sharaɗin karɓa: ana jin magana, ana ganin masu yi, ba a wuce lokaci ba. Wanda bai cika ba ya sake. Ki kuma guji rubuta kalmomi irin su kwarjini ko ƙarfin hali a ma'auni, domin ba a iya kare su idan ɗalibi ya yi ƙorafi, kuma sukan saka wa halitta, ba koyo ba. A kan wasan kwaikwayo, manaja kaɗai ake aunawa a kowane zagaye, sai su yi musanya, domin kada makin wani ya rataya a kan iya wasan abokinsa.

Idan jingar ta rukuni ce, ki sa ido a kan rabon aiki. Tun a 1913 injiniyan noma Bafaranshe Max Ringelmann ya wallafa cewa ƙarfin da kowane mutum yake sa wa a jan igiya yana raguwa yayin da masu ja suke ƙaruwa, kuma binciken Bibb Latané da abokansa a 1979 ya tabbatar da cewa mutane suna sassautawa idan ba a iya ware gudummawar kowa. Bidiyo yana da tasa siga ta wannan matsala: ɗaya ya yi nazarin, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya tace, na ƙarshen ya kwana yana aiki bai koyi gudanarwa ko kaɗan ba. Rukuni kada ya wuce mutum uku ko huɗu, kowa ya yi magana a kan wani sashe na nazarin, takardar nazarin kai kuma ta kowa daban.

Sai waɗanda hanyar za ta iya cutarwa, kuma ina roƙon ki yi tunaninsu tun kafin ki sanar da jingar. Akwai wanda wayarsa ba ta da wuri, ko intanet ɗinsa ba ya ɗaukar babban fayil, ko ba shi da ɗakin da zai samu shiru. Ki yarda da hoto mai ƙaramin nauyi, ki ware wani ɗaki a makaranta da wasu sa'o'i don naɗa, ki ba da hanyar miƙawa hannu da hannu. Akwai mai i'ina, da mai matsalar ji, da wanda tsoron kyamara yake hana shi sakewa, da wanda yake da dalilinsa na ƙin a adana hoton fuskarsa. Ga waɗannan, naɗar murya kaɗai, ko yin zancen a gabanki kai tsaye, yana auna abu ɗaya, matuƙar ma'auninki a kan shawara da saurare ya tsaya. Bidiyon da kike ba su su kalla kuma ya kasance da rubutu a ƙasa. Amma kada ki yafe wa mai jin kunya jingar gaba ɗaya, domin shi ya fi kowa buƙatarta, kuma gara ya fara rawar murya a gaban waya da abokin karatu da ya fara ta a gaban ma'aikata. Abin da yake taimaka masa shi ne naɗa ta farko ta zama gajeriya, ba maki, kuma ba mai gani sai ke.

Bidiyon ɗalibi bayanansa ne na sirri, kuma ƙasashe da yawa suna da dokoki a kan haka, kamar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018. Kada ki tilasta wa kowa ɗorawa a fili a YouTube ko TikTok. Ki yi amfani da dandalin makaranta, irin su Moodle ko Canvas, ki faɗi wanda zai gani da ranar da za a goge, kada kuma ki nuna aikin wani a aji sai da yardarsa. Kada ki gina jingar a kan manhaja guda: malamai da yawa sun dogara da Flip, manhajar naɗar bidiyo ta kamfanin Microsoft, wadda a da ake kira Flipgrid, sai ga shi an rufe ta a matsayin manhaja mai zaman kanta a 2024.

Game da ƙirƙirarriyar basira, ba na so ki ɗora wa bidiyo abin da ba zai iya ba. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ɗalibi yana iya sa a rubuta masa jawabi ya karanto shi daga allon da ke bayan kyamara, kuma bidiyon bayani ba shi da kariya daga wannan. Wasan kwaikwayo mai ɓoyayyen sirri ya fi ƙarfi, tunda amsar abokin magana ba a san ta ba sai a lokacin, haka ma takardar nazarin kai da take ambaton minti da daƙiƙa na zancen da shi ya yi. Abin da ya fi duka tabbas shi ne tambayoyi biyu ko uku baki da baki bayan miƙawa, ko da ga wasu da kika zaɓa ba tare da sanarwa ba, kamar ki ce masa me ya sa ya ba ma'aikaciyar mako biyu ba wata guda ba.

Ki yi lissafin lokacinki da gaskiya. Ɗalibi 60 da bidiyon minti biyar sa'a biyar ke nan na kallo sau ɗaya, ban da tsayawa, da komawa baya, da rubuta gyara, kuma bidiyo ba ya yarda a bi shi sama-sama kamar takarda. Saboda haka ki tsaurara iyakar lokaci, ki sanar cewa abin da ya wuce minti biyar ba za a kalla ba. Ki fara karanta takardar nazarin kai, domin za ta kai ki wuraren da suka fi muhimmanci. Ki sa kowane ɗalibi ya duba aikin mutum biyu da takardar lura ɗaya kafin ya iso gare ki, wanda shi ma horo ne, tunda duba aikin wani da faɗa masa gaskiya ba tare da an ɓata ba yana cikin abin da za a ɗauke su aiki su yi. Idan kuna da masu taimaka miki duba, ku fara kallon bidiyo uku tare, kowa ya ba da maki shi kaɗai, ku kwatanta, ku daidaita fahimtarku ta ma'aunin kafin a raba sauran.

A zangon farko jinga ɗaya ta isa, kuma ina ba da shawarar ta zama ta zance mai wuya, a tsakiyar zango, da nauyin da bai wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na makin darasin ba. Mako biyu kafin ta, ki nuna musu misali biyu da kika naɗa da wani abokin aiki, ɗaya mai kyau ɗaya mai rauni, ku ba su maki tare a aji da ma'aunin da za a auna su da shi. Domin ki san ko ta yi amfani, ki sa tambaya a jarrabawar ƙarshe mai sabon labari wadda take neman ɗalibi ya rubuta ainihin kalmomin da zai buɗe zance da su da tambayoyi uku na farko da zai yi, sannan ki kwatanta amsoshin da na ajin da bai yi jingar ba.